Ganuwa Ta Tsare Kakanninmu, Wa Zai Tsare Ganuwa?

Ya ku 'yan makaranta, manyan gobe! Yau wani abu ne ya tsaya mini a rai, na ga ba inda ya kamata in kai ƙara sai wurinku, domin dukiyarku ake ci, ku kuwa ba ku sani ba.

Kwanan baya na ɗebi yaran ajina muka tafi wani tsohon gari na ƙasarmu ta Bagudo, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Benin. Ba zan ambaci sunan garin ba, don ba mutanensa kaɗai ke da wannan laifi ba. Nufina in nuna wa yara sauran ganuwar garin, gani ya kori ji. Da isarmu sai muka tarar da mutum uku da diga da shebur, suna saran gindin ganuwa suna loda wa amalanke, za a kai a buga tubali. Na yi musu sallama, na ce, "Bayin Allah, kun san abin da kuke sara?" Babbansu ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Malam, ai ƙasa ce." Wani ƙaramin yaro cikin ɗalibaina ya ja hannun rigata, ya ce, "Malam, in sun kwashe duka, me za ka nuna wa 'yan ajin baɗi?" Na rasa amsar da zan ba shi a wurin. Ita ce nake so in ba shi yanzu, ku kuma ku zama shaidu.

Maganata a taƙaice ita ce: duk inda sauran ganuwa take a garuruwanmu, da gwalalon da ke bayanta, da filin da ke gindinta, bai kamata a yanka wa kowa ba, ko mai kuɗi ko mai sarauta. A bar wa jama'a, a dasa itatuwa, a share hanya, ya zama wurin shan iska da wasan yara da hutawar tsofaffi. Na san akwai masu ja da wannan magana, cikinsu har da mutanen da nake ganin girmansu. Zan kawo hujjojinsu ɗaya ɗaya, ba zan rage musu kome ba, sa'an nan ku yi alƙalanci.

Amma tukuna, bari mu san abin da ake jayayya a kai. Mai digan nan ya yi gaskiya, ƙasa ce. Littafin da ke hannunku ma takarda ce, amma ba wanda zai yarda a ƙunshe ƙosai da shi. Kakanninmu ba su da mota, ba su da injin haƙa. Da kwando da ƙwarya da fartanya suka haƙa rami kewaye da gari, ƙasar da suka fid da suka kwaɓa ta suka tayar da garu, ramin ya zama gwalalo, suka bar sarƙaƙiya ta yi kauri a bayansa don kada doki ya ratsa. Daga ciki suka yi badala inda maharba za su tsaya. Kowace ƙofa da sarkinta, in magariba ta yi a rufe, ba a buɗewa sai gari ya waye. In damina ta wuce sarki ya sa a yi shela, kowace unguwa ta fito gayya ta yaɓe rabonta. Saboda haka kowane taki na ganuwa gumin wata unguwa ne, ba na mutum guda ba.

Mu mutanen Kabi mun fi kowa cancantar sanin wannan. Wajen shekarar 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sangai, ya gina birnin Surame, ya kewaye shi da garun dutse. An bar Surame tun farkon ƙarni na 18, amma har yau garunta na tsaye a wurare da yawa, tana cikin ƙasar jihar Sakkwato, kuma tun 1964 gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa. Nan kusa da mu kuwa ga Illo, wadda tare da Busa da Nikki su ne manyan sarautun Bargu. Ta wannan yanki fataken goro suke ƙetare Kwara, su nufi Gwanja da jakunansu, madugu na gaba. Ƙasar da ayari ke bi da dukiya, ƙasar da dakaru ke kai da kawowa, dole mutanenta su san darajar garu da ƙofa.

Ku dubi Kano kuma. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwarta, sarakunan bayansa irin su Muhammadu Rumfa suka yi ta faɗaɗawa. Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun tarar da kewayenta ya kai kamar mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Gwamna Lugga da kansa ya yi mamakinta. To, igwar Turawa ba ta ci ganuwar Kano ba, ɗan wuri kaɗan ta huda. Abin da ya ci ta shi ne barin gayya. Ginin ƙasa in ba a yaɓe shi, kowace damina sai ta ɗauki rabonta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bayan ruwan sama sai masu ɗiban ƙasa, bayansu masu zub da shara, bayansu masu gina gidaje da rumfuna. An sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1959, an kuma rubuta ta tare da Surame a 2007 cikin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta karɓa. Duk da haka a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. In haka ta sami Kano, mai sarki da jami'o'i da masana, me kuke tsammani zai sami ɗan guntun garu na ƙauyenmu?

To, ga hujjar farko ta masu ja. Sun ce, "Malam, an yi ganuwa don yaƙin doki da mashi. Yau ba mahayin da zai zo da lifidi, ganuwa kuwa ba ta tare jirgin sama. Abin da aikinsa ya ƙare, me za a yi da shi?" Na yarda aikinta na farko ya ƙare. Amma ba mu kaɗai ne aikin ganuwa ya ƙare wa ba, bari mu ga yadda waɗansu suka yi.

A ƙasar Folan akwai wani tsohon birni ana ce da shi Karako. Garunsa ya lalace, gwalalonsa ya zama juji mai wari. Tsakanin 1822 da 1830 mutanen birnin suka gyara wurin, suka dasa itatuwa, ya zama lambu mai kewaye tsohon gari kamar zobe, tsawonsa wajen mil 2 da rabi. Yau kusan shekara 200 ke nan lambun yana nan. A Italiya akwai birnin Luka, wanda garunsa na tubali yake da faɗi ƙwarai. Su ba su rushe ba. Tun cikin ƙarni na 19 suka mai da bisan garun hanyar yawo mai inuwa, har yau mutane na zagawa a ƙafa da keke. A Ingila kuwa, hukumar birnin Yok da kanta ta nemi izinin rushe garunta a shekarar 1800, ta ce ya tsufa, ya matse hanya. Mutane suka tashi suka ƙi, aka yi ta ja, har aka tsirar da mafi yawansa, yanzu baƙi daga ko'ina suna zuwa su yi tafiya a kansa.

Amma labarin da ya fi ba ni tausayi na ƙasar Sin ne, ku riƙe shi da kyau. A 1950 wani masanin gini mai suna Liyang Sicang ya roƙi mahukunta kada su rushe garun birnin Bejin. Ya ce a dasa furanni a bisansa, a sa kujeru, a bar ruwa cikin gwalalo, ya zama lambun da ya kewaye birni. Ba a ji maganarsa ba. Aka rushe, aka shimfiɗa titi a gurbinsa, aka haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashi. Daga baya aka koma ana lallaɓa ɗan guntun da ya tsira, har ana roƙon mutane su mayar da tsofaffin tubalan da suka kwashe. Wani birni kuma na ƙasar, Shiyan, ya bar nasa garun, mai kewayen mil 8 da rabi, aka fara gyaransa sosai a 1983, aka yi lambu a gindinsa. Ƙasa ɗaya, birni biyu, ɗaya na karɓar baƙi, ɗaya na cewa da na sani. Da na sani kuwa ƙeya ce, a baya take.

Hujja ta biyu ta fi ta farko zafi. Sun ce, "Wannan duk al'adar Turawa ce. Mu ba mu gaji zaman lambu ba, shan iska aikin malalaci ne." Subhanallahi! Wa ya faɗa musu haka? Ina dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata? Ina gindin tsamiya da kuka, inda dattawa ke dara bayan la'asar? Ina fagen kokawa da dambe da kaka, ina langa, ina tatsuniya? Tun kafin Bature ya san hanyar Kwara muke da wuraren nan. Abin da ya faru shi ne an yanka su an sayar, ɗaya bayan ɗaya, har yaran yau ba su da wurin buga ƙwallo sai bakin titi, tsakanin babura da manyan motoci. Wanda ya sayar da dandali, sa'an nan ya dawo yana cewa ba mu gaji wasa ba, ya yi laifi biyu.

Kuma in ana neman misalin mai da kayan yaƙi abin wasa, ba sai mun ƙetare teku ba. Kabawa da Sakkwatawa sun shekara da shekaru suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin su don murnar zumunci, bikin nan kuwa shi ne ya girma har duniya ta san Matan Fada. Tsohon gidan sarautar Argungu ma, da sarki ya tashi daga cikinsa a 1942, ba a yanka shi an raba ba, an mai da shi gidan tarihi na Kanta a 1958, yara na shiga suna ganin kayan yaƙin kakanninsu. Mutanen da suka iya mai da gaba biki, suka mai da fada makaranta, ba za su kasa mai da ganuwa lambu ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, ba kuwa zan yi mata dariya ba. Sun ce, "Jama'a ta yi yawa, talaka na neman inda zai kafa ɗaki, kai kana zancen itatuwa." Gaskiya ne jama'a ta yi yawa, kuma wanda ba shi da makwanci ba ya jin daɗin inuwa. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, filin ganuwa siriri ne kamar ɗamara. Ko an yanka shi duka, gida nawa zai ɗauka? Bai isa ya kashe ƙishirwar gari ba, ga kuwa fili shimfiɗe a bayan gari. Abin da ya sa ake rububinsa shi ne yana tsakiyar gari yanzu, yana da tsada, kuma ba shi da mai shi guda da zai yi kuka. Ku bincika ku gani, in an yanka irin wannan wuri, sau nawa yake faɗawa hannun marar ɗaki? Da sunan talaka ake roƙo, a gidan mai hali ake sauke kaya.

Na biyu, gwalalo yana da aikin da bai ƙare ba har gobe. Shi ne wuri mafi zurfi kewaye da gari, nan ruwan sama ke taruwa ya wuce. In an cike shi an yi gini, ruwa ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi wata hanya, hanyar kuwa ita ce tsakar gidan maƙwabci. Mu da muke zaune bakin Kwara ba ma bukatar a koya mana halin ruwa. Wa ya manta ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kabi, ta rushe gidaje? Wanda ya toshe hanyar ruwa da ɗakinsa, ya sayi rigima da wanda ba a kai shi gaban alƙali.

Hujja ta huɗu, sun ce irin wannan wuri zai zama matattarar 'yan shaye-shaye da ɓata-gari. Ni kuwa na ce ku je ku duba inda ɓata-gari ke taruwa yanzu. Ai cikin kangon ganuwar da aka yasar ne, inda ciyawa ta rufe, ba mai bi. Wurin da aka share, tsofaffi na zaune, mata na wucewa, mai shayi da mai ƙosai na gefe, yara na guje-guje, ɓarawo ba ya son sa, don idanu sun yi yawa. Sarkin ƙofa na da, ai ana iya mayar da shi mai gadin lambu.

Sai dai ina da gargaɗi ga waɗanda suka yarda da ni, don aboki marar lura ya fi maƙiyi ɓarna. Kada a ce za a gyara ganuwa a lulluɓe ta da siminti. Siminti yana kulle damshi a ciki, ƙasar ta ruɓe, wata rana ya ɓanɓare ya faɗo da ita. Ginin ƙasa da ƙasa ake yaɓe shi, maginanmu sun san yadda ake yi. Kada kuma a dasa itace a bisan garu ko a jikinsa don an ji labarin Luka. Nasu tubali ne gasasshe, namu saiwa za ta tsaga shi. A ja da baya kamar taki goma, sa'an nan a dasa dogon yaro da maɗaci da tsamiya da ɗorawa. Abu na uku, kada a kewaye wurin da waya, a kafa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Gayya ce ta gina ganuwa, ba wanda aka biya, saboda haka ɗan mai goro da ɗan mai gari hakkinsu ɗaya ne a cikinta.

Yanzu na zo kanku. Kada ku ce ku yara ne, wannan maganar manya ce. Ga abin da ɗan makaranta zai iya yi ba tare da ya kashe ko kwabo ba. In an ba da hutu, ka nemi tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a garinku, ka gaishe su da ladabi, ka tambaye su ta ina ganuwa ta bi, ƙofofi nawa ne, mene ne sunan kowace, wane gida ne ke riƙe da ita. Ka rubuta duk abin da suka faɗa, da ranar da suka faɗa. Sa'an nan ku haɗu ku uku ko huɗu ku bi sawun da ƙafa, kuna ƙidaya taki, ku zana taswira kamar yadda aka koya muku a aji, ku nuna inda garu yake tsaye, da inda ya zama tudu, da inda aka yi gini. Ku kawo wa malaminku. Mu malamai kuma aikinmu ne mu kai wa mai gari da hakimi da majalisar ƙaramar hukuma, domin tun dokar ƙasa ta 1978 filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi suke. Mu roƙe su su kafa duwatsun iyaka, su rubuta a takarda cewa wannan wuri na jama'a ne har abada. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Sau da yawa mai sa hannu a takarda bai taɓa sanin akwai ganuwa a wurin ba. Amma ran da aka ajiye taswira a gabansa, uzurin rashin sani ya ƙare.

Akwai wani abu kuma da nake so ku yi tunani a kai, ku da kuke zaune bakin iyaka. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Faris, suka ja layi a takarda, suka raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Layin nan ba shi da tsayi ko na taki guda, ba wanda ya ɗauki kwando don gina shi, amma ana tsaronsa dare da rana, har an taɓa rufe shi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, kowa a nan ya ji a jikinsa. Ban ce kada a tsare iyaka ba, kowace ƙasa da dokarta. Amma abin kunya ne a ce garun da baƙi suka zana da alƙalami yana da masu gadi, wanda kakanninmu suka gina da hannu kuwa ko mai cewa "bari" ba shi da shi. Maƙwabtanmu na Benin sun lallaɓa gidajen sarakunan Abome, na ƙasa ne kamar namu, har UNESCO ta karɓe su a 1985. Ƙasarsu ba ta fi tamu ƙwari ba, kula ce ta bambanta.

Na koma garin nan bayan mako biyu, ni kaɗai. Ramin da masu diga suka yi ya ƙara zurfi, har garun ya fara rinjaya. Na gai da mai gari, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni." Ya saurare ni har na gama, ya ce zai tara dattawa. Ban sani ba ko za su riga damina, amma na yi wa yaron nan alkawari baɗi zan kai 'yan aji, in Allah ya kai mu, kuma za mu tafi da dashe da tulun ruwa.

Kowa ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda yake ganin na yi kuskure, ya ɗauki alƙalami ya rubuto, filin nan na kowa ne, ni kuwa ba na jin kunyar gyara. Allah ya ji ƙan waɗanda suka gina, ya shiryi masu rushewa, ya ba ku ilmi mai amfani.